Shekarar da Dodon Koɗi Ya Yi Kuskure

Mu a Tamuata ba ma tambayar ko ruwa zai zo. Ruwa kam zai zo, ya shanye fadama, ya shiga ƙarƙashin gidaje ya yi zamansa wata huɗu, sannan ya janye ya bar mana laka. Abin da muke tambaya shi ne ina zai tsaya. Shekara talatin da ɗoriya kuwa mutum ɗaya ake kai wa wannan tambayar, wato Seu Aristeu.

Gajeren dattijo ne wanda rana ta gasa, ga taurin kai kada ma a yi magana. A bayan gidansa, bakin tafki, akwai wata dirka ta icen da ruwa ba ya ci, mahaifinsa ne ya kafa ta tun kafin a haife shi. Duk shekara in ruwa ya janye sai a je da adda a yi tsaga daidai inda ya tsaya. Tsagogin uban suna nan, nasa suna nan, wasu a kusa da juna, wasu a warwatse. Ranar Larabar Toka kuma, da an fito daga coci, sai ya shiga kwalekwale ya je ya duba inda dodon koɗin ruwa ya manna ƙwansa a jikin dirkar. Ƙwan nan ruwan hoda ne, a dunƙule, tun daga nesa ake hango su. Daga dunƙulen da ya fi kowanne bisa sai ya auna tsawon adda uku. Inda adda ta uku ta ƙare, nan ruwan shekara zai tsaya. Haka uban ya koya masa, kuma dalilinsa ɗaya ne: dodon koɗi a cikin laka yake kwana, ya san halin kogi, ba ya ajiye 'ya'yansa inda ruwa zai rufe su kafin su ƙyanƙyashe.

Kada wani ya ɗauka wasan tsofaffi ne. Da wannan awon ake sanin makomar shanu. In ruwan ƙarami ne, a bar su a maromba, dandamalin katakon nan da kowane mai shanu yake kafawa bisa dogayen dirkoki, a riƙa yanko musu ciyawar ruwa safe da yamma. In babba ne, a loda su a jirgin dako a kai su tudu, tafiyar yini guda, inda ciyawa ba ta da daɗi, ga kaska, ga ɓarayi. Saniya ta tafi da ƙibarta ta dawo ana ƙirga haƙarƙarinta. Ba mai kai shanunsa tudu sai dole.

Shekarar da nake ba ku labari ta biyo bayan farin da ba mu taɓa gani ba. Kogi ya ja baya har jiragen fasinja suka daina zuwa, tafki ya bushe ya tsattsage, kifi ya mutu har wari ya hana mu cin abinci. Ruwan da ya saba fara hawa tun Disamba bai motsa ba sai ƙarshen Janairu.

Larabar Toka ta faɗo a farkon Maris. Mutane suna zaune gindin mangwaron bakin coci, kowa da toka a goshi, Seu Aristeu ya dawo daga dirka ya ɗaure kwalekwalensa ba gaggawa. Yana son wannan jiran da ake yi masa, ban ga laifinsa ba.

"To, Seu Aristeu, me malamin naka dodon koɗi ya ce?" in ji Genésio mai jirgin dakon shanu, mutumin da ba ya iya gaisuwa sai ya haɗa da tsiya.

"Malamina ya ce bana gari za ka ci ba kifi, don ba saniyar da za ta hau ruɓaɓɓen jirgin nan naka."

Aka kwashe da dariya. Da aka lafa sai ya gyara hularsa ya faɗi abin da ake jira. "Ƙaramin ruwa ne. Taƙi huɗu ƙasa da katakon maromba zai tsaya. Kowa ya gyara dandamalinsa, ya wasa addarsa."

Dona Ondina ta yi alamar gicciye ta sauke ajiyar zuciya. Mijinta marigayi Valdomiro aminin Seu Aristeu ne tun suna yara, kuma Seu Aristeu ne ya riƙe mata ɗanta ranar baftisma, shi ya sa suke compadre da comadre. Ɗan yana can Manaus yana aikin kamfani, sai Kirsimeti ake ganinsa. Abin da Valdomiro ya bar mata a duniya shanu tara ne da gida mai yoyo. Da madararsu take yin cuku, da cukun take ci.

"Allah ya saka maka, compadre," ta ce. "Ni dama tudun nan ko sunansa ba na son ji. Bara waccan na kai goma, tara suka dawo, aka ce wai maciji ne. Macijin da ya tafi da igiya ma!"

A cikin taron mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, 'yarsa Ivanilde, malamar makarantar ƙauyen. Shekara huɗu ke nan da hukuma ta kafa wani dogon allo mai lambobi a mashigar makaranta, aka ɗora mata karanta shi. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai ta duba inda ruwa ya kai ta aika da lambar ta waya, su kuma su aiko mata da na garuruwan da ke sama. Seu Aristeu bai taɓa tsayawa ya kalli allon nan ba. In ya zo wucewa ma sai ya sami abin kallo a ɗaya gefen.

Ba ta ce uffan a gaban mutane ba, tana da wannan kunyar. Sai da suka zauna cin abincin rana, ya zuba garin rogo a romon kifi yana juyawa, sannan ta ce, "Baba, in faɗi wata magana?"

"Tun da kika fara koyarwa wa ya taɓa iya hana ki magana?"

"Shekaranjiya santimita shida ya ƙaru. Jiya shida. Yau bakwai. A irin wannan lokacin uku ya saba yi, in ya yi zafi huɗu."

"Makara ya yi shi ya sa yake sauri. Ke ma in kin makara ai gudu kike yi."

"Na sama sun ce kwana ashirin ruwan sama bai ɗauke musu ba. Duk ta nan zai biyo, Baba, ba shi da wata hanya."

"Su na saman, sun taɓa shiga laka?"

"Dodon koɗi ruwan da ya gani yau ya sani. Kogi ya makara, shi ya sa ka tarar da ƙwan a ƙasa. Ba wai ƙarami ba ne, bai iso ba ne."

Ya ajiye cokali. Maganar ta yi masa zafi, ba don ta musa masa ba, sai don ta faɗe ta a hankali kamar yadda take yi wa 'yan aji ɗaya. "Kakanki bai san santimita ba," ya ce, "amma ko ɗan maraƙi bai taɓa bar wa ruwa ba."

"Kakana bai taɓa taka tsakiyar tafki da takalmi ba. Mu kuwa bara mun taka, har da kai."

Ya cinye abincinsa, ya ɗauki adda ya tafi wurin shanunsa.

Mutanen Tamuata kuwa, ai kun san halinmu. A gaban dattijo "to, to, Seu Aristeu", a bayansa kowa ya bi ta makaranta ya tambayi malama nawa ne yau. Cikin kwana goma jirgin Genésio ya yi sawu huɗu. Wannan ya ce surukinsa ne ya matsa masa, wancan ya ce dirkokin marombarsa sun ruɓe, wani ma ya ce matarsa ce ta yi mummunan mafarki. Seu Aristeu yana zaune a barandarsa yana ganin jirgi yana wucewa, Genésio yana busa masa ƙaho da gangan. Ƙarshe shanu ashirin suka rage a ƙauyen kaf, nasa goma sha ɗaya da na Dona Ondina tara.

A kwana na goma sha huɗu ya tashi da sassafe, ya sha gahawarsa a tsaye, ya nufi dirka. A ka'ida ranar ce ya kamata ya tarar da ƙwan sun fashe, 'ya'yan sun zube cikin ruwa, sai fararen kwasfa a bushe a jikin ice. Niyyarsa ya ɓamɓaro kwasfar ya kawo wa Ivanilde a tafin hannu, ba sai ya ce komai ba.

Tun daga nesa ya ga dirkar ta gajarta, kuma ba ja ko fari a jikinta. Ya matsa da filafili a hankali, ya kewaye ta sau biyu. Sai da ya leƙa cikin ruwan sannan ya gan su, kusan taƙi guda a ƙasa, sun koɗe sun yi fari-fari, ƙananan kifaye suna tsattsagarsu. Ya naɗe hannun riga ya taɓa, suka narke a yatsunsa kamar jiƙaƙƙen gari. Ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba.

Ya daɗe zaune yana riƙe da dirkar don kada ruwa ya ja shi. Shekararsa sittin da takwas, tun yana ɗan shida yake zuwa nan, bai taɓa ganin ruwa ya ci ƙwan dodon koɗi ba. Ashe shi ma malamin bai sani ba! Abin ya ba shi tausayi, wannan 'yar halitta da ta hau ice da ƙyar ta ajiye 'ya'yanta inda iyayenta suka saba ajiyewa. Daga nan sai tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, domin ya tuna shanu tara da ke tsaye a fadama a kan maganarsa.

Bai koma gida ba, makaranta ya nufa. Ya tarar da Ivanilde a tsugune kan katakon mashiga, da littafinta a cinya. Ta ɗago ta gan shi, ta ga hannun rigarsa a jiƙe.

Ya tsayar da kwalekwalen a jikin allon, ya kalle shi daga sama har ƙasa kamar baƙon da aka kawo masa gaisuwa. "Nawa?" ya ce.

"Takwas."

"Faɗa mini da adda. Ni ban san takwas ba."

Ta ɗan yi lissafi a gefen littafin. "In ya ci gaba haka, kafin tsakiyar Afrilu adda ukun naka sun ƙare. Kafin ƙarshen wata ya taɓa katakon maromba. Ga Mayu nan kuma gaba ɗayansa bai ma shigo ba."

"Ruwa ya ci ƙwan," ya ce, yana kallon allon ba ita ba.

"Ayya, Baba." Ta rufe littafin. Ba murna a fuskarta ko kaɗan, wannan ma ya ƙara masa nauyi. Can ta ce, "Kada ka yi fushi, na riga na yi magana da Genésio. Jibi Juma'a zai yi sawunsa na ƙarshe a nan, daga nan sai ƙauyukan sama, an kama shi har ƙarshen Mayu. Duk jiragen yankin nan an kama su. Wurin shanu goma sha biyu ya rage masa, na ce ya riƙe mana."

"Na comadre fa?"

"Sau biyu ina zuwa mata. Ta ba ni gahawa da cuku, ta ce in gaishe ka. Ta ce ita abin da compadre ya faɗa shi ne."

Seu Aristeu ya ƙirga a ransa, ko da yake ba wani lissafi ba ne mai wuya. Ashirin ba ya shiga cikin goma sha biyu. Ya tura kwalekwalensa baya.

Ya sami Dona Ondina a kan marombarta, ta ɗaure siket ɗinta a gwiwa, ƙusoshi a baki, tana buga katako. Shanunta suna kiwo a ɗan tudun da ya rage a bayan gidan, ruwa ya riga ya kewaye shi ta gefe uku.

"A'a, compadre da kansa! Hau ka ga aiki. Wa ya ce sai namiji?"

Bai hau ba. Ya miƙe tsaye a cikin kwalekwalen ya cire hularsa, abin da ba ya yi sai a coci da maƙabarta. Tana ganin haka ta tofar da ƙusoshin a tafin hannu.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Comadre, na zo in janye maganata. Awona bai yi daidai ba. Ruwan nan babba ne, zai hau kan katakon da kike bugawa."

"Dodon koɗin fa?"

"Shi ma ruwa ya ci nasa."

Ta zauna a bakin dandamalin, ƙafafunta suna lilo, ta kalli shanunta ɗaya bayan ɗaya. "Budurwa Maryamu," ta ce a hankali. "Jirgi kuma ya gama."

"Saura sawu ɗaya, jibi. Akwai wurin goma sha biyu. Naki tara za su shiga."

"Wurin wa?"

"Wuri ne dai."

"Aristeu, kada ka mai da ni yarinya. Na san Ivanilde ce ta kama maka shi, Genésio ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Naka fa? Goma sha ɗaya ne da kai."

"Uku za su bi naki. Sauran muna nan tare."

"Wallahi ba zan yarda ba. Ni ce na ƙi jin maganar yarinyar nan, ba wanda ya ɗaure ni."

"Ni na ɗaure ki," ya ce. "A gaban coci na ɗaure ki, da toka a goshina. Ni na auna, ni zan zauna da awona. In kin ƙi kuma, sai mu bar jirgin ya tafi da wuri a buɗe, Genésio ya sami abin ba da labari har jikokinsa."

Ta ɗauki gefen zanen kanta ta goge hanci. "Kai dai ba ka canza ba. Valdomiro ya sha faɗa, gara mutum ya yi gardama da kututture." Ta miƙe ta tattara ƙusoshinta ta miƙo masa. "Ungo, kai za su yi wa amfani."

Ranar Juma'a da hantsi jirgi ya jingina, aka shimfiɗa katakon hawa. Genésio ya buɗe baki zai fara, "Af, ashe ruɓaɓɓen jirgi—" sai ya ga fuskar dattijon ya haɗiye sauran, ya shiga jan igiya. Na Dona Ondina suka hau tara. A cikin nasa Seu Aristeu ya ware karsana biyu masu ciki da ɗan bijimi.

"Baba, Boneca fa?" in ji Ivanilde, murya ƙasa-ƙasa.

Boneca tsohuwar saniya ce ja mai karyayyen ƙaho, wadda mahaifiyar Ivanilde, marigayiya Dorvalina, ta raina da kwalba bayan uwar saniyar ta mutu wurin haihuwarta. Ta daina haihuwa tuntuni, ba ta da wani amfani sai cin ciyawa da bin Seu Aristeu a baya. Shi kuwa in yana tatsar sauran da ita yake hira.

"Masu haihuwa za su tafi," ya ce. "Ita ta saba da ni."

Jirgi ya tashi, Dona Ondina tana tsaye a tsakiyar shanunta da ƙunshin kayanta, ba ta ɗaga hannu ba, shi ma bai ɗaga ba.

Ruwan ya zo yadda littafin Ivanilde ya faɗa, har ya ɗan riga shi. Ba da hauka ya zo ba, mu ruwanmu ba ya ihu, kullum dai ka tashi ka tarar ya ci matakala ɗaya. Ya hau mangwaron coci, ya shiga cocin kanta, ya shiga ɗakunanmu, muka riƙa ɗaga daɓen katako muna ƙara ɗagawa har mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ɗakinsa sai ya sunkuya. Seu Aristeu ya ɗaga marombarsa sau biyu. Na farko da katakon Dona Ondina da ƙusoshinta, na biyu da bangon kicin ɗinsa. Na uku ba katako a Tamuata ko na kafa kujera.

Shanun suka tsaya cikin ruwa, da farko iya kofato, daga baya har gwiwa. Kofato ya yi laushi ya fara ruɓewa, kifin piranya ya riƙa cizon hantsarsu. Igiyar ruwa ta kwashe ciyawar kusa, sai an yi tuƙin awa biyu kafin a sami ta yanka. An rufe makaranta, don haka Ivanilde take bin sa, shi a gaba da adda, ita a baya tana lodi. Amma kafin su tafi sai sun biya ta allo, shi da kansa yake karkata kwalekwalen. "Nawa?" zai ce. Ta ce huɗu, ko uku, shi kuma ya gyaɗa kai.

Saniya ta farko ta faɗi a tsakiyar Mayu. Cikin mako biyu wasu uku suka bi ta. Duk wadda ta kwanta ba ta tashi, sai a ja ta da igiya a kai ta nesa. Boneca ce ta ba kowa mamaki, tana tsaye a kusurwarta ta jingina da dirka, in ya zo ta sa hanci a aljihunsa tana neman gishiri.

Ranar biyu ga Yuni Ivanilde ta leƙa allo, ta sake leƙawa, ta juyo da hawaye a ido. "Baba, yau bai ƙaru ba. Ya tsaya!"

"Mun gode Allah," ya ce, ya juya kwalekwale da sauri don ya je ya faɗa wa shanunsa. Suka tarar da Boneca ta kwanta, kanta a kan katakon gefe, ruwa yana wanke mata wuya. Jikinta da sauran ɗumi. Ya shiga ruwan har gwiwa ya kwance igiyar wuyanta, ya daɗe yana shafa karyayyen ƙahon. Ya yi kuka, ba ɓoye-ɓoye, Ivanilde ta bar shi ya yi.

Da yammacin ranar ya tafi wurin dirka shi kaɗai. Ba a ganinta, ruwa ya shanye ta har kai. Ya lalubo kanta da filafili, ya tsayar da adda a bisa, ya ɗaura zare a jikin addar daidai inda ruwa ya kai. Taƙi biyu cif. Ya kawo addar gida ya rataye, bai sake yanka da ita ba.

A ƙarshen Agusta, da ƙasa ta yi ƙarfi sabuwar ciyawa ta fito kore shar a kan laka, jirgin Genésio ya dawo da shanun tudu. Seu Aristeu yana tsaye a bakin gaɓa tun kafin a ji ƙarar inji. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, a rame, kaska a kunne, suna jin ƙanshin ciyawa suka fara ture juna. Nasa uku sun zama biyar. Na Dona Ondina tara, ga ɗan maraƙi na goma yana tangaɗi a bayan uwarsa.

Ta sauko a ƙarshe, ta tsaya kusa da shi. Labarin shanunsa biyar da suka mutu a maromba ya riga ya iske ta a tudu, ba ta san ta inda za ta fara ba. "Ka ƙirga?" ta ce.

"Sau biyu."

"Ba maciji bana."

"Na gani." Ya mai da hularsa daidai. "Kai su bayan coci, ciyawar can ta fi."

Washegari ya ce Ivanilde ta ɗauko tsani. Ya ɓamɓaro katako ɗaya daga kusurwar maromba, dogo mai kauri, ya saɓa a kafaɗa, suka taka laka har gindin dirka. Ya hau ya haɗa katakon da kan dirkar, ya buga ƙusa shida. Sannan ya ciro addar nan mai zare ya gwada, ya yi tsaga mai zurfi a taƙi na biyu. Sama da tsagar katakon ya miƙe fayau, ya fi tsawon adda biyu, ba komai a jikinsa.

Ivanilde ta ɗaga kai tana kare rana da hannu. "Baba, ya yi tsawo ai. Tsagar a nan ƙasa take. Bari in kawo zarto a rage shi."

"Bar shi haka."

Ya sauko a hankali, ya tsaya yana kallon tsagogin ubansa, waɗanda yanzu duk suka koma ƙasa-ƙasa. Ya goge addar a wandonsa.

"Gobe ki zo da fentinki," ya ce. "Ki rubuta lambobin nan naki a jiki. Ki fara daga tsagar kakanki, ki kai su har ƙarshen katakon."